Kaset ɗin Damagaram

Kakata ta wajen uba 'yar Damagaram ce. Ta zo Kaduna tana amarya, lokacin da kakanmu ya samu aiki a masaƙar Kakuri, kuma ba ta sake komawa ba. Mun fi mutum ashirin a gidanmu na Makera, amma dariyarta ita kaɗai ta fi tamu duka. Na rantse idan ta ƙyalƙyale, kajin maƙwabta sai sun yi kwana biyu ba su saka ƙwai ba. Ita ke raba nama, ita ke raba faɗa. Ni kuwa "maigida" take ce mini, wai ni ne mijin da bai taɓa kawo cefane ba.

Ba ta yi boko ba, ƙanwarta da ta baro a can ma haka, saboda haka kaset ne wasiƙarsu. Ƙanwar takan zauna gaban rakoda ta yi ta zuba: wa ta haihu, wa ya rasu, akuyar wa ta cinye shanya. Sai a ba direban motar albasa ya kawo. Kaka ta saurara, ta ɗauki amsarta a kansa, a mayar. Wata biyu da isowar kaset na ƙarshe, saƙon rasuwarta ya biyo baya. Babanmu ya ɓalle 'yan kunnuwan kaset ɗin don kada a ɗauki wani abu a kansa. Duk Juma'a bayan la'asar Kaka takan kunna shi, tana mayar wa ƙanwarta magana kamar suna tabarma ɗaya: "Kai, ƙarya kike yi, yarinyar nan."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, na kalli rantsar da sabon shugaba a talabijin, na ga ai ni ma zan iya. Na nemi kaset ɗin da ba komai a kansa in ɗauki tawa rantsuwar, ban samu ba, sai na Kaka. Ba zan ce kuskure ne ba. Na san wane kaset na ɗauka, har sallamar farko na saurara. Da hannuna na cusa takarda a ramukan kunnuwan, na ce minti ɗaya kawai zan ci. Na rantsar da kaina. Na naɗa Kaka ministar tuwo da tsegumi, na kwaikwayi dariyarta, na kori baffana daga gwamnati saboda munshari. Daɗi ya ɗebe ni, sai da kaset ya kai ƙarshe na tuna.

Juma'a ta zo, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Muryar marigayiya ta fito: "Salamu alaikum. Yaya, kina ji na?" Sai tawa ta biyo: "Ni, shugaban ƙasa..."

Babanmu ya miƙe yana cire takalmi. Kaka ta riƙe masa riga, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Bar mini mijina," ta ce. "Ministar tsegumi. Wallahi ya san aikina."

Ta saurara har ƙarshe. Da mutane suka watse, ta ciro kaset ɗin tana jujjuya shi a hannu, ta kira ni a hankali.

"Maigida, ba a iya wanke naka a bar nata?"

"Ba a iyawa, Kaka."

"To."

Da ma ta bar Baba ya dake ni.

Daga ranar na zama mai danna mata rakoda. Ƙanwar ta tambaya ko tana ji, Kaka ta ce, "Ina jin ki," ni kuma in tsayar kafin muryata ta fito, in mayar baya. Wani lokaci sau biyar. Wani lokaci ta ce, "Ƙyale shi, mu ji shugaban ƙasa," ta yi ta dariya, ni ina kallon ƙasa.

Bara ta rasu. Da ake raba kayanta, Baba ya miƙo mini kaset ɗin, ya ce ita ta ce a ba ni. Yana cikin akwatina, takardar nan tana cushe a kunnuwansa har yanzu. Ban taɓa kunna shi ba.