Fuskar Bai Yordan a Hannun Dobrin Mai Hoto

Tun da na fara sayar da furanni a ƙofar zauren ɗaurin aure na hukumar garinmu na san Dobrin mai hoto, kuma ban taɓa ganin mai cika baki irinsa ba. A Sofiya, babban birnin ƙasarmu, ya ɗan riƙe wa wani mai hoto fitila, amma in ka ji shi sai ka rantse shi ya ƙera kyamara. Gwanintarsa ɗaya ce: duk fuskar da ta shiga kwamfutarsa sai ya goge ta, ta fito sumul kamar dafaffen ƙwai. Amaren da ke bangon shagonsa kai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Bikin otal yake so, mai makaɗa da gasasshen rago. Auren da ba taro kuwa, hanci yake ɗaga masa.

Irin wannan auren Zlatka mai ɗinki ta kira shi ya ɗauka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ga shi za ta auri Yordan, wanda muke ce wa Bai Yordan don girmamawa, tsohon makanikin jirgin ƙasa, mai karkataccen hanci da tabo a goshi. Likita ya ce da wuya Yordan ya ga bazara. A gabana ta tare Dobrin.

"Ɗana, ba na son ƙyale-ƙyale. Yordan nake so a takarda, yadda yake ɗin nan. Ba shi da hoton kirki ko ɗaya, kuma ka san abin da likita ya ce."

"Inna Zlatka, ni za ki koya wa aiki? Na taɓa koya miki zura zare?"

Daga su sai shaidu biyu, sai ni da na bi su da furen amarya. Da aka gama sa hannu, aka zo wurin da ango da amarya ke rige-rigen taka ƙafar juna, don a ga mai mulkin gida. Yordan da kansa ya miƙa mata takalminsa.

"Taka, 'yar nan, ai dama ba ni da ta cewa."

Ya yi dariya har da hawaye, ban taɓa ganin mutumin nan da kyau haka ba. Dobrin yana bakin taga a lokacin, yana waya da wasu masu bikin otal. Da ya gama ya jingina su da labule, ya ƙwace sandar da ango ke dogarawa.

"Bai Yordan, rufe baki. Haƙoran nan ba na hoto ba ne."

Hoton da ya kawo, ba tabo, hanci a miƙe, kumatu cike, gashi baƙi wuluk. Wani mutum ne daban, mai kama da ma'aikacin banki. Zlatka ta roƙi na asalin.

"Na goge shi daga kwamfuta. Mai girki yana ajiye ɓawon dankali?"

Ta ce a sake ɗauka, ya ce sai an wuce hidimar bukukuwa. Kafin nan ciwo ya kwantar da Yordan, ya rame har ya hana a nuna masa ko madubi. Bai ga bazarar ba.

Hoton nan aka sa a takardar sanarwar rasuwa, aka manna a bishiyoyi da ƙofar coci. Mu kuwa fuska muke dubawa, sai mun gane ta mu tsaya karanta suna. Abokan aikinsa suka yi ta wuce wannan baƙon, yawancinsu sai bayan an binne shi suka ji. Dobrin ko a jikinsa, har cewa yake ya tura tsohon lahira fes. Na tsani mutumin nan, ba na ɓoyewa.

Kowace Asabar Zlatka na zuwa sayen furen kabari. Ran nan ta daɗe tsaye, tana shafa goshinta da yatsa.

"Yaya, ke da kike wurin, tabon nan nasa, a dama yake ko a hagu?"

Ni ma na kasa tunawa.