Tarkunan Goulven

A Porz-Ahel, can bakin tekun Biritaniya ta Faransa, babu mutumin da ke da sana'a ɗaya. Goulven Kerbrat ma haka ya tashi ya tarar: da safe yana gonar albasa, wadda yake wa taki da ciyawar teku kamar yadda kakansa ya yi, in ruwa ya kwanta kuma ya tura kwalekwale ya je duba tarkunan ƙaguwa.

Tun da aka rufe masana'antar kifin gwangwani samari suka watse, 'yan Paris suka saye gidajen bakin ruwa, Goulven ya daina yarda da kowa. Har Tangi, wanda ya dawo daga birni ya auri 'yarsa ya buɗe gidan abinci a tashar jiragen ruwa, bai kwanta masa ba. Mutumin ya cika fara'a.

Wata bazara tarkunan suka fara fitowa babu komai sai ɓawo. A makon nan kuwa Tangi ya kafa allo yana tallan ƙaguwa. Goulven ya bar amsa gaisuwarsa, ya koma zama kan dutse yana lura da duk jirgin da ya fita. Matarsa Soazig ta ce masa ɓarawo ba ya tsayawa ya cinye nama ya mayar da ɓawo, ya ce ita ba ta san 'yan birni ba.

Magana ta kai kunnen Tangi. Ya zo har gona, ya cire hula.

"Baba, an ce ni nake yashe maka tarko. Mu je mu ɗaga tare."

"Wa ya ce na ce? Amma tunda ka tsargu, shiga jirgi."

Tarkon farko da suka jawo, sai ga wata halitta mai hannu takwas naɗe a ciki, tana tsotsar ƙaguwa. Irinta ba sa zuwa wannan ruwa da can. Tangi ya yi dariya, Goulven bai yi ba. Tambayarsa ɗaya, wa ya kawo su.

Daga baya waɗannan halittu Goulven ya koma kamawa, Tangi yana saye yana gasa wa baƙi, har namansu ya fi ƙaguwa kasuwa. Haƙuri dai Goulven bai taɓa ba Tangi ba. Ya mutu yana cewa wani jirgin 'yan kudu ne ya zubo su da gangan.