Awon Malam Sanda

Malam Sanda tela ne a unguwar Kwangila a Minna, bayan layin dogo, inda kakansa ya sauka tun ana shimfiɗa ƙarfen jirgi. Shekara hamsin yana taka keke ɗaya, kuma abin alfaharinsa shi ne sau ɗaya yake auna mutum. Ba ya rubutawa, awon yana kansa. Wanda ya auna yana saurayi, da wannan awon zai yi ta masa ɗinki har furfura.

Da shekaru suka ja, kansa ya riƙe awo, jikin mutane ne ya ƙi tsayawa. Wannan ya ajiye tumbi, wancan ya ranƙwafa. Kaya suka fara dawowa. 'Yarsa Zulaiha, mai aiki a jami'a a Gidan Kwano, ta ce in aka sake dawo da ko da hula ce, za ta sa a ɗauke keken. Ya san halinta, irin na uwarta ne, ba ta faɗa sau biyu.

Wata Asabar tana zaune a shagon sai ga Ticha Philip, tsohon malamin firamare daga Maikunkele, ya zo karɓar wandon da zai sa ranar godiyar girbi a cocinsu. Rabon da a auna shi tun shekarar da aka haifi Zulaiha. Ya shiga bayan labule ya fito, ƙafar wando tana sharar ƙasa.

"Awona bai motsa ba," in ji Malam Sanda a hankali, hannunsa a kan keke. "Kai ne ka koma ƙasa, Ticha."

Ticha ya dubi Zulaiha, ya dubi hannun abokinsa. Sai ya kama ƙugun wandon ya ja sama, ya wuce cibiya har ya kusa hammata, ya ɗaure mazagi tamau.

"Haka nake sa wando yanzu, 'yata. Sanyi ba ya samun cikina. Duk Minna babanki kaɗai ya gane."

Zulaiha ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ba ta sake ta da zancen keke ba.

Washegari dai Malam Sanda ya tarar da sabon tef ɗin awo rataye a ƙusa. Bai tambayi wanda ya rataya ba. Da Ticha ya sake kawo yadi, ya sauko da tef ɗin, ya ce, "Miƙe tsaye, in da sauran miƙewa."