Larabar da Aka Tare Mu a Ƙofa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana wanke wurin ninkaya na baladiyya, wato hukumar gari, a unguwar Ruwais. Laraba ranar mata da yara ce, nakan kai jikokina.

Wata Laraba, bayan mun daɗe ba mu je ba, muka tarar da baƙon mai gadi. Ya ce, "Hajja, halas, shi ke nan, an ba kamfani wurin. Sai mai kati."

Na ce mijina yana ciki, a kira shi.

Ya ce, "Tsofaffin ma'aikata ai wata biyu kenan da sallamarsu."

Innalillahi! Kullum nake goge masa rigar aiki, ya saka ya fita. Na koma gida, na ci gaba da gugar. Wayyo, har ya rasu ban iya tambayarsa inda yake wuni ba.