Ƙarfen da Ke Kafaɗar Malam Sabo

A Farin Dutse, duk wanda ya je sayen fartanya wurin Malam Sabo maƙeri sai ya fara duƙawa a gabansa kamar mai noma. Malam Sabo zai dubi tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa, sannan ya zaɓi ƙota. Haka ya gada, bai kuma taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Wata ranar kasuwa ya faɗo daga amalanke, ƙashin wuyansa na dama ya karye, wannan da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Hannun guduma ke nan. Maɗorin garinsu ya lalluba, ya ce karayar ta ruguje, a kai shi asibiti.

A Birnin Kudu, likita Nasiha ta ce sai an ɗaure ƙashin da ƙarfe, in ba haka ba hannun zai gajarta, ɗaga guduma kuwa sai dai labari.

"Ina ƙarfen?" in ji shi.

Matarsa Kubra ta ce, "Malam, magani ka zo nema ko ciniki?"

Likita ta yi dariya, ta kawo. Siriri ne, mai ƙananan huji, da ɗan lanƙwasa. Ya juya shi da hannun hagu, ya ƙwanƙwasa da farce, har ya sansana.

"'Yata, wanda ya ƙera wannan, kafaɗar wa ya auna?"

"Ta mutanen ƙasarsu, Baba. Can nesa."

"To, ƙashinsu da namu ɗaya ne?"

"Ba lallai ba. Ko a nan, na mace ya fi na namiji gajarta, na wani ya fi na wani lanƙwasa. Har yanzu ana kan auna namu."

Malam Sabo ya miƙa mata ƙarfen, ya ce shi ya fasa, a mai da shi gida. Kubra ta dafe kai.

Likita ba ta ja da shi ba. Ta ɗauko wasu ƙarafa biyu masu baki kamar awartaki, ta sa hoton kafaɗarsa ta hagu, mai lafiyar, a gabanta. Ta kama ƙarfen ta murɗa kaɗan, ta gwada da hoton, ta ƙara murɗawa.

"Babu wuta?" ya tambaya, yana miƙa wuya.

"Babu."

"Ikon Allah." Ya ƙura wa hannunta ido. Can ya ce, "Yaushe za a sa?"

Damina ta wuce bai hura zuga-zugi ba. Manoma suka sayi fartanya a kasuwa, suna ƙorafin ciwon baya. Da kaka ta yi, wata safiya ya shiga maƙera, ya ɗaga guduma ya sauke sau ɗaya. Ya tsaya, ya taɓa tabon, yana saurare.

Kubra na cikin gida, muciya a hannu, ita ma ta tsaya. Sai ta ji na biyu, da na uku. Ta ci gaba da tuƙi.