Faifan Dije a Kujera ta Huɗu

Akwai wata safiya a tashar Bukkuyum da har yanzu take dawo mini duk lokacin da na ga faifai. A dogon hutun shekarar 2017 ne, ina aji biyu na babbar sakandare. Kawu Sani shi ne kamasho, wato mai kula da lodin mota har ta cika. Ni kuma ina yanka tikiti a rumfa, kusa da inda Inna take sayar da koko.

Kawu ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja, ya ga kowace kujera da lambarta. Da ya dawo sai ya sa aka rubuta lamba da fenti a kujerun motocin Anka, ni kuma in riƙa rubuta ta a tikiti.

Tun makon farko na lura ba mai duba tikitin. Mata suna ƙulle shi a haɓar zane, maza su cusa a hula. Wuri kuwa da kaya ake kama shi kamar yadda aka saba: sallaya, sanda ko ƙullin gero. Na so in faɗa, kunya ta hana ni.

Ranar nan wata mata daga wajen Gwashi, mai suna Dije, ta zo da ɗanta. Za ta kai shi Anka a duba jininsa saboda gubar dalma, kuma an ce mata ta isa can kafin azahar. Na ba ta lamba tara. Ta aza faifanta a kujera ta huɗu, bakin taga, ta tafi ba yaron koko.

Wani ɗan kasuwa mai lamba huɗu ya zo, ya jefa faifan a ƙasa, ya zauna. Karen mota ya ga tara ba kowa, ba kaya, sai ya zaunar da wani saurayi da ya zo a makare. Kafin Dije ta dawo mota ta cika, direba ya tayar da inji.

"Malam, wurina ne wanga," in ji Dije.

"Faifai ya yi boko ne da zai san lamba?" in ji ɗan kasuwan. Aka kwashe da dariya.

Mota ta gaba ba ta cika sai la'asar. Sai na je na riƙe ƙofar wadda za ta tashi.

"Ke Hassatu, mi ya hwaru?" in ji Kawu.

"Kawu, motar ga ba ta tashi sai da ita. Ni na ba ta tara."

"Ke da ko gaisuwa sai an kasa kunne? Saki ƙofa!"

Ban saki ba. Na roƙi Dije ta kwance haɓar zanenta. Ga tikitin nan a nannaɗe, da rubutuna. Kawu ya dube shi, ya dubi yaron, sannan ya ce wa saurayin ya sauko ya jira ta gaba. Wani dattijo a baya ya matsa, ya bar wa yaron taga.

Da yamma na ce wa Kawu lamba kaɗai ba ta isa ba. Daga ranar, duk wanda na yanka wa tikiti sai in raka shi har kujerarsa, ya aza kayansa da hannunsa, kuma ba mai taɓawa.

Ku da za ku zauna a rumfar nan bayana, abin da na koya ke nan: matafiyinmu ya fi yarda da abin da ya ajiye da hannunsa, don haka a kai shi inda zai ajiye daidai.

Kafin hutu ya ƙare Dije ta dawo da yaron, yana tafiya da ƙafarsa. Ba ta ko dubi motar ba. Ta miƙo mini faifan, ta ce, "Ɗiyata, aza mini."