Tsumman Mai Irin Wake

A kasuwar Gazawa, Ashiru yana zaune yana jiran mota ta cika, idonsa na kan wata dattijuwa mai sayar da irin wake. Zanenta ya koɗe, tafin hannunta duk kanta irin ta mai riƙon hauya. Buhu biyu ne gabanta, kowanne da jiƙaƙƙen tsumma a kai, inda take nannaɗe ƙwaya goma don gwada ko za su tsira. Da ta warware na farko, tara sun tsira. Na biyu, huɗu kacal.

Wani manomi ya durƙusa, yana nuna buhu na biyu. "Inna, auna mani tiya biyu a wannan, ƙwayarsa ta fi girma."

"Na tukunya ne, ɗana, ba na gona ba," in ji ta, tana ɗaure bakin buhun. "In gonarka ta ƙi, yunwarka har ƙofata za ta iso."

Ashiru bai san sunanta ba. Amma yana zaton akwai wata damina da ta shuka duk abin da ke rumbunta, ta yi kwana bakwai tana zuwa gona, ko tsiro ɗaya ba ta gani ba.